Tayil ɗin wurin alwala a Bagdadiyya

Ranar Talata ce. Zafi da gumi, iska ba ta ko motsi a Jidda.

Akwai wani dattijo mai aikin sa tayil, Gwadabe, mazaunin unguwar Bani Malik. Shi ya shimfiɗa tayil a wurin alwalar masaukin alhazai da kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya gina a unguwar Bagdadiyya. A ranar nan wani tsoho ɗan umara ya zame a wurin, ya goce a gwiwa.

Kafilin ya kira Gwadabe, ya ɗaga masa takarda mai hatimi.

"Babban ɗakin gwaji ne ya auna tayil ɗin nan. An tantance injinansu da ma'aikatansu duka. Sun ce ba ya santsi. Ashe laifin hannunka ne. In ya tabbata, halas, shi ke nan, ba zan sabunta maka iƙama, takardar zamanka a ƙasar nan, ba."

Gwadabe ya kama hanyar Bani Malik. A gida ƙaninsa Hussaini ya ce masa, "Yaya, ka sulale Makka ka shige cikin jama'a kafin a kore ka."

"Da wannan furfurar zan fara ɓuya? A auna."

Maƙwabcinsa na da ɗa, Abdulghani, haifaffen Jidda, wanda aikinsa ke nan auna santsin daɓe. Ba shi da ɗakin gwaji. Abin da yake da shi takardar shaida ce cewa an jarraba hannunsa, kuma lokaci-lokaci ana gwada awonsa da na sauran masu sana'ar.

Gwadabe ya kira shi wurin alwalar, a gaban kafilin. Ya zo da na'ura mai hannu mai lilo, da roba a bakinsa.

"Kawu, yalla, zuba mini moya."

"Ruwa ake cewa. Ubanka Bakatsine, kai Hausa ta gagare ka."

Abdulghani ya yi dariya. Ya saki hannun na'urar a jiƙaƙƙen tayil, robar ta kama ƙasa. Ya canza ta da wata mai laushi, ya sake saki. Wannan karon ta wuce sumul.

Kafilin ya taɓe baki. "Takardar mutum ɗaya ce za ta ƙaryata ta ma'aikata guda?"

"Ba ƙarya suka yi ba," in ji Abdulghani. "Da robar da ke madadin takalmi suka auna, abin da aka tambaye su ke nan. Mai laushin nan madadin tafin ƙafa ce. Nan kuwa kowa tuɓe takalmi yake. Shimfiɗar Kawu daidai take, ruwa ma ba ya kwanciya."

"Ni hatimi na sani."

"To a mayar musu da tayil guda, a ce su auna don ƙafa ba takalmi."

Aka aika. Gwadabe ya zauna a gida ba aiki, wa'adin iƙamarsa na matsowa. Hussaini bai daina yi masa maganar Makka ba. Shi dai sai ya ce, "Allah ya kyauta," ya ɗauki buta.

Da amsa ta dawo, ta zo daidai da awon Abdulghani. Tayil ɗin na zaure ne, bai dace da wurin alwala ba. Wanda ya zaɓe shi kuwa kafilin ne da kansa.

Kafilin ya daɗe yana duban takardar. Sannan ya ce, "Ka yafe ni, Gwadabe. Kawo iƙamar."

Gwadabe ya miƙa masa ita. Ya zauna a bakin famfo ya wanke fuska, ya ce alhamdulillahi.

Washegari da safe ya biya ya duba tsohon nan mai gwiwa. Daga nan ya ɗauki guduma da kurfi, ya fara ɓamɓare tayil ɗin da hannunsa ya shimfiɗa, don a sa wanda ya dace.

Darasi: Hatimin babban wuri yana amsa abin da aka tambaye shi ne kawai, gwanin da aka jarraba kuma yana ganin abin da ke ƙasa. Kada ka raina ɗayansu. In an ɗora maka laifin da ba naka ba, kada ka gudu, ka tsaya a auna. Ku tura wa masu gina masallatai da masaukai su karanta.