Zakara Jatau da Gwajin Gashin Wutsiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ba ta tabarma.

A wani gari an yi wani zakara mai suna Jatau, da matarsa Tasalla. Damina uku da aurensu, ko ɗan tsako ɗaya babu. Tasalla ta yi ƙwai, ta kwanta a kai, sai ya zama baragurbi. Ta sake, baragurbi. Har maƙwabta in za su wuce sai su toshe hanci su ce, "Sannu da ƙoƙari, Tasalla."

Aka ba ta saiwa mai ɗaci, ta sha. Aka yi mata turare har gashin gefenta ya babbake. Shiru.

Ran nan sai ta ce, "Maigida, an ce Likita Balbela tana duba masu neman haihuwa a bakin rafi. Mu je."

Ya ce, "A dawo lafiya."

Ta ce, "Mata da miji take dubawa."

Ya ce, "Ni? Ni da nake tashin gari duka? Dubi zankona, ja wur!"

Sai ta sa kuka. Ta yi ta yi har ya gaji, ya bi ta.

Suka tarar da Balbela cikin farar riga. Ta duba Tasalla sama da ƙasa, ta ce, "Lafiyarki ƙalau. Saura kai, malam. Gobe ka kawo mini gashin wutsiyarka guda, in gwada."

Jatau ya shiga lissafi. In aka ce daga wajensa ne, da wace fuska zai yi cara? Sai ya bi ta bakin tafki, ya tsinci gashin agwagwa, ya kai.

Balbela ta juya gashin, ta dube shi, ta ce, "Gwaji ya nuna jikinka na ruwa ne. Maganinka iyo. Ƙetare rafin nan."

Jatau ba halin musu. Ya faɗa tsundum. Ya nutse, ya taso, ya sha ruwa ya ƙoshi, sai da kwaɗi suka jawo shi. Yana tari ya ce, "Likita, ina jin gashin nan ƙura ya kwasa. Zan sake kawowa."

Kashegari ya tsinci na zabuwa, ya kai.

Balbela ta ce, "Barka! Ashe kai ne za ka yi ƙwan. Je ka sheƙa ka zauna, ka yi ta nishi."

Tasalla ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka cika gida. Jatau ya zauna cikin sheƙa kwana uku yana nishi, tsofaffin kaji suna cewa, "Daure, Jatau, na fari ne mai wuya!" Abin da ya fito a ƙarshe, ba sai na faɗa muku ba.

Sai ya je bayan mahauta, ya tsinci na ungulu, ya kai.

Balbela ta girgiza kai ta ce, "Wannan karon abin ya yi tsanani. Sanƙo na tafe. Maganinka mushen jaki, safe da yamma. Ga shi can, bismilla."

Jatau ya matsa. Wari ya buge shi, ya faɗi zaune. Sai ya kwarma ihu, "Ba nawa ba ne! Na ungulu ne! Wancan na zabuwa, na farko na agwagwa!"

Ta ce, "Na sani. Ai ni ma tsuntsuwa ce. Juyo."

Ya juya, ya rufe ido, yana salati. Ta fige guda, tsit.

Ya ce, "An fara?"

Ta ce, "An gama."

Ta gwada, ta ce, "Irinka ne ya yi rauni. Ina kake wuni?"

Ya ce, "Bisa tanderun mai gurasa. Daga can murya ta fi kai nesa."

Ta ce, "To, gasa 'ya'yanka kake yi tun ba su zo ba. Ka sauko, ka koma inuwa, ka ci zogale, ka sha wannan ƙwaya kwana arba'in. Kuma ka ɗaga kai. Maza da yawa sun zo nan da irin wannan, sun samu sauƙi."

A hanya Jatau ya ce, "Tasalla, damina uku kina shan ɗaci saboda ni. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe, maigida. Amma kai za ka taya ni kwanci, tunda ka iya."

Ya sauko daga tanderu, ya ci zogale har bakinsa ya yi kore. Bayan kwana arba'in Tasalla ta yi ƙwai, ta kwanta. Ran na ashirin da ɗaya sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Tsaki tara!

Jatau ya hau turmi zai sanar da gari. Ya miƙe wuya, ya buɗe baki, murna ta shaƙe shi, sai ya ce, "Tsiyau!"

Tsaki tara suka amsa masa, "Tsiyau!"

Kun ji. Haihuwa ta mutum biyu ce, neman maganinta ma na mutum biyu ne. Wanda ya ɓoye wa likita ciwonsa, maganin wani zai sha.

Ƙurunƙus, kan ƙadangaren bakin rafi.