Koriyar Rigar Madam Ortans

A birnin Paris, zamanin da mata ke sa riguna masu faɗi kamar laima, an yi wata matar basarake, Madam Ortans. Ta sa aka kira mata Firmin mai zane, ɗan talakawa.

Ta ce, "Zana ni cikin rigar da yayinta ba zai taɓa wucewa ba. In ya wuce, ka bar garin nan."

Firmin ya zana ta cikin koriyar rigar da ke jikinta, ya tafi abinsa.

Da shekara ta zagayo, mata suka koma matsattsun riguna. Madam ta sa aka kawo shi gaban baƙinta.

"Kai, dubi hoton nan! Yayin rigar ya wuce. Tattara komatsanka!"

Firmin ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, ashe akwai macen da ta fi ki a Paris, har ta kashe yayin rigarki? Faɗi sunanta in tafi."

Baƙi duk suka kasa kunne.

Madam ta yi ta fifita da mafici. Can ta ce, "A ɗauko mini koriyar rigar nan. Ai ita ake yayi."