Ƙafar Tankin da Tartsatsi Ya Ƙera

A layinmu akwai wani mai walda da muke kira Tartsatsi. Ni tela ne, shagona yana kallon nasa, shekara goma sha ɗaya ina ganin shigarsa da fitarsa. Gwani ne a aikinsa, wannan ba zan ɓoye ba. Amma yana da halaye biyu da suka kai shi ƙasa: son a sani da saurin hannu. Idan ka ce masa a'a, kafin ka rufe baki ya jefe ka da abin da ke hannunsa. Ni kaina ya taɓa wurgo min guduma don na ce ya rage ƙarar rediyo. Allah ya kiyaye, ƙofar shagona ta samu.

Da babbar 'yarsa ta sami gurbin karatun likitanci a jami'a, sai ka ce shi aka ɗauka. Tun ranar ya daina kiran sunanta, sai Likita. Duk wanda ya kawo aiki, ko ƙafar kujera ce, sai ya ji labarin kafin a taɓa masa ita.

Saura mako biyu yarinyar ta tafi, matarsa ta same shi a tsakar gida da 'yar takarda. Matata tana wurin, ita ta ba ni labari.

"Baban Likita, ga lissafin da na yi," in ji matar. "Karatun nan shekara shida ne. Ga rajista duk shekara, ga littattafai, ga abincinta duk wata, ga ƙannenta uku a makaranta. Abin da ke shigowa ba zai ɗauka ba sai mun rage wani abu. Mu sayar da motar nan da kullum tana wurin bakanike, mu daina kunna janareto kowace rana, ita kuma ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai."

Tartsatsi ya fizge takardar ya yayyaga ta.

"Ni zan sayar da mota? Don mutanen layi su ce karatun 'yata ya durƙusar da ni?"

"Mutanen layi ba su za su biya rajista ba."

Nan take ya wanka mata mari, har ɗan kunnenta ya tsinke, jini ya biyo wuyanta. Ya ɗauki fulas ɗin shayi ya buga da bango. Yarinyar ta fito da gudu ta durƙusa tana kuka.

"Baba, wallahi ɗakin ɗalibai ya ishe ni. Ba na son komai."

"Rufe min baki! 'Yata ba za ta yi layin banɗaki da mutum takwas ba."

Haka ya kama mata ɗaki mai tsada a wajen makaranta, ya sa mata firji, ya saya mata wayar da ta fi tasa. A gida kuma bai rage ko cokali ɗaya ba. Janareto yana ruri, mota tana shan mai, abokai suna cika shago yana sayo musu lemo.

Wata huɗu kawai aka yi asusu ya bushe. Sai ya shiga cin kafin alƙalami. Ya karɓi kuɗin ƙofar wannan ya aika wa Likita, ya karɓi na tagar wancan ya sayi ƙarfen ƙofar. Waɗanda suka ba shi aiki suka fara sintiri. Wani dattijo da ya zo neman ƙofarsa karo na biyar, Tartsatsi ya shaƙe shi da wuyan riga ya ture shi cikin kwata. Mu muka tsamo shi muna ba shi haƙuri.

Da shekara ta zagayo, abu biyu suka haɗe masa: kuɗin hayar ɗakin Likita da kuɗin rajistar aji biyu. Ana haka mai gidan biredin bayan layi ya kawo babban aiki. Yana son ƙafar tanki, wato doguwar hasumiyar ƙarfe da za a ɗora manyan tankunan ruwa biyu a kanta. Ya ba da rabin kuɗi don a sayi ƙarfe mai kauri.

Tartsatsi ya biya hayar ɗaki, ya gyara injin mota, ya ce rajista sai ya karɓi cikon kuɗin aikin. Da ɗan abin da ya rage ya sayo siririn ƙarfe. Ni tela ne, amma shekara goma sha ɗaya gaban mai walda ba wasa ba ce. Na tsallaka na ƙwanƙwasa ƙarfen da almakashina, na ji yana ƙara kamar gwangwani.

"Maƙwabci, wannan ai ƙarfen kujera ne. Ruwa yana da nauyi fa."

Ya ɗago tabarau ɗin walda, ya nuno ni da ƙarfen da ya gama yanka, bakinsa ja wur.

"Tela, koma kan kekenka kafin in yi maka zane a fuska."

Na koma. Har yau ina jin haushin kaina da ban je na gaya wa mai biredi ba. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Ya haɗa ƙafar tankin, ya shafe ta da baƙin fenti har sau uku don kada a gane kaurin ƙarfen. Aka kafa ta a bayan gidan biredi, aka ɗora tankuna. Ranar da aka cika su da ruwa, da tsakar rana, muka ji wata ƙara kamar gini ya rushe. Ƙafar ta lanƙwashe, tankunan suka rufto a kan ƙanin mai biredi, wanda ya fito wanke hannu bayan kwaɓa fulawa. Ƙafafunsa biyu suka karye, ƙashi a waje.

Ba a yi minti goma ba sai ga ma'aikatan gidan biredi, su bakwai, da itacen tanda a hannu. Ɗayansu yana riƙe da guntun ƙarfen da ya lanƙwashe. Tartsatsi ya rarumi guduma, ya fasa wa na gaba goshi. Daga nan suka rufe shi. Suka kayar da shi a bakin shago, suka dinga jibga, a kai, a baya, a haƙarƙari. Na shiga rabo aka ba ni nawa a kafaɗa, na koma gefe. Mai guntun ƙarfen ya taka hannun Tartsatsi na dama a kan dakali.

"Da wannan hannun ka haɗa, ko?"

Sau uku ya sauke ƙarfen a kan yatsun. Ihun da Tartsatsi ya yi, ban taɓa jin namiji ya yi irinsa ba. Matarsa ta fito ba ko takalmi, ta faɗa a kansa, sannan suka dakata.

Abin da suka yi zalunci ne, kuma hukuma ta kama su. Amma shi ma bai tsira ba. Aka ɗora masa jinyar ƙanin mai biredi da kuɗin tankuna, masu ƙofofi da tagogi kuma suka taso gaba ɗaya. Motar da ya mari matarsa a kanta, ita aka fara sayarwa, a wulaƙance. Janareto ya bi ta, injin walda ya bi su. Ana cikin wannan aka rufe rajista. Yarinyar ta dawo gida da jakarta, ba firji, ba waya.

Na je gaishe shi bayan wata biyu. Na same shi a kan tabarma, ya rame, yatsunsa uku sun ƙi lanƙwasuwa. 'Yar tana durƙushe tana warware bandejin, tana goge ciwon a hankali. Ya dube ni ya yi murmushin dole.

"Ka gani, Tela? Likita ce da kanta take duba ni."

Yarinyar ba ta ɗago ba. Ta gama ɗaurin, ta tattara audugar, sannan ta ce, "Baba, don Allah ka daina kirana da wannan sunan."

Tartsatsi ya juya fuska bango. Ranar na fara ganin hawayensa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne: ranar da ɗa ya tafi jami'a, gida ne gaba ɗaya ya shiga makaranta, dole kowa ya rage wani abu. Ka zauna da iyalinka ku auna abin da ke shigowa da abin da ke fita, tun daga shekarar farko har ta ƙarshe, ka fara ware kuɗin rajista kafin na ƙawa. Wanda ya kawo maka lissafi ba maƙiyinka ba ne, kada ka amsa masa da mari. Kada kuma ka toshe ramin gidanka da amanar mutane, domin fenti ba ya ƙara wa ƙarfe kauri. Mutanen da kake jin kunyar su gan ka a ƙasa ba su za su biya wa ɗanka karatu ba.