Ƙusoshin Tsoho Dai

Akwai wata mata a garin Jingdezhen na ƙasar Sin mai suna Kang Shulan. Sana'arta gyaran tsofaffin farantan tangaran, fararen nan masu zanen shuɗi. Duk layin 'yan tangaran ba mai kiran sunanta gatsau, sai dai Kang Shifu, wato Gwana Kang, domin kowa ya san gwana ce. Ita ma ta sani, kuma nan matsalar take.

Idan aka kawo mata faranti ba ta fara kallon fuskarsa. Kifa shi take yi ta shafa gindin da babban yatsa, ta ɗaga shi wajen haske ta dubi yadda shuɗin ya zauna, ta ƙwanƙwasa bakin ta saurari ƙarar. Kafin shayinka ya huce ta gaya maka zamanin da aka gasa shi. Idan kuwa fasasshe ne, sai ta haɗa, ta cike, ta bi zanen da fenti, har mai abin ya yi ta juya shi yana neman inda tsagar take.

Abin da ta tsana a duniya shi ne ɗinkin mutanen da, wanda ake huda tangaran gefe da gefe a riƙe tsagar da 'yan ƙusoshi masu ƙafa biyu. Ta kan ce wannan aikin ƙauyawa ne.

Wata rana da hantsi wani mutum ya shigo rungume da ƙunshi a cikin tsohuwar rigar sanyi. Sunansa Dai Fulin, manomin ganyen shayi ne daga wani ƙauye a bayan duwatsu. Ya kwance ƙunshin a hankali. Babban faranti ne mai zanen kifaye biyu. Tsohuwar tsaga ta raba shi gida biyu, an ɗinke ta da ƙusoshi duk sun yi tsatsa. A bakinsa kuma ga sabuwar ɓantara.

"Shifu, bakin nan nake so a gyara," in ji Fulin. "Matata ce ta buga shi da famfo wajen wanki. Mahaifiyata za ta cika tamanin, kuma a cikinsa muke zuba kifin biki. Waɗannan ƙusoshin kuwa, babana ne..."

"Dakata," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta riga ta kifa farantin. "Ka ga rubutun nan na gindi? Cewa yake an yi shi a zamanin daular Ming. Ƙarya yake shararawa. Dubi yashin da ya maƙale a ƙafarsa, dubi shuɗin yadda ya yi toka-toka. Wannan na daular Qing ne da ta biyo baya, bai wuce shekara ɗari biyu ba. Ba don fada aka yi shi ba, amma wanda ya zana kifayen nan ya san hannunsa."

Ta juyo shi, ta yatsina fuska.

"Wane azzalumi ne ya yi masa wannan ɗinkin? Da ƙafa ya yi aikin?"

Fulin ya buɗe baki, ya rufe. Mutum ne mai kunya, ga shi a gaban gwana. Ta ce ya dawo ranar kasuwa, ya yi godiya ya tafi.

Da la'asar mijinta, Lao Peng, direban tasi, ya leƙo da kwanon taliya a hannu. Ya tarar da ita tana zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a kwandon shara.

"Ya ce ki cire su?"

"Ya ce in gyara."

"Baki ya ce, ina ji daga tsakar gida."

"Ka tsaya a kan sitiyarinka, Lao Peng. Ni na taɓa koya maka juya mota?"

"Kullum ma," ya ce, ya ja taliyarsa ya fita.

Gaskiya aikin ya yi kyau, wannan kam ba mai musu. Ta wanke tsatsar, ta manne ɓangarorin, ta toshe ramukan ƙusoshin, ta mayar wa kifin ɓangaren jelarsa da tsagar ta ci. Da Fulin ya dawo ya ɗaga farantin, sai ya yi tsaye kamar an dasa shi.

"Ina ƙusoshin?"

"Na raba ka da su. Ko kwabo ban ƙara maka a kan wannan ba, kyauta ce."

Ya shafa wurin, santsi ko'ina. Abin bai yi masa daɗi ba, amma yaya za ka yi wa mai kyauta ƙorafi? Ya sake yin godiya ya tafi.

Bayan bikin da 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo, ba faranti a hannu, idanu sun faɗa.

"Shifu, kin kashe ni," ya ce.

Ashe mahaifiyarsa ta daɗe da makancewa. Ranar biki, gaban dangi da maƙwabta, aka ajiye kifi a gabanta. Kafin ta ɗauki tsinken cin abinci ta miƙa hannu ƙarƙashin farantin tana lalube, kamar yadda ta saba. Ta laluba, ta sake lalubawa. Sai ta ture shi ta ce wannan ba farantinta ba ne.

"Ta ce na sayar da farantin babana na sayo na bogi don na ga ba ta gani," in ji Fulin. "Na rantse mata, ta ce ɓarawo ma yana rantsuwa. Tun ranar ba ta ce mini uffan ba. Abincin da na kai mata ba ta taɓawa, sai na maƙwabciya. Ni kaɗai ne ɗanta, Shifu."

"To laifina ne da na yi aiki mai kyau?" in ji Shulan. "Ka ce mata Kang Shifu ce ta ce farantin ne."

"Ba ta san ki ba."

Wannan maganar ta soke ta fiye da zagi. Ta juya wajen mijinta ko zai goya mata baya. Lao Peng makullin mota kawai ya ɗauko ya karkaɗa. Sai ta ɗauki jakar kayan aikinta.

Da suka isa ƙauyen suka sami tsohuwar a bakin ƙofa tana ɓare wake, maƙwabta biyu na taya ta. 'Yar ƙaramar mata ce, amma bakinta ya fi jikinta girma.

"Popo, barka da hutawa," in ji Shulan, don haka ake kiran kaka a can. "Ni ce na gyara farantin."

"Au, ke ce wadda ya ɗauko haya ki zo ki taya shi ƙarya? Nawa ya ba ki?"

"Popo, na shekara talatin ina wannan aiki. Farantin nan na zamanin Qing ne, shuɗinsa..."

"Ina ruwana da Qing? Na san shi ne? Ya taɓa cin abinci a gidana?"

Maƙwabtan suka tuntsire da dariya. Kunnen Shulan ya yi zafi. Rabon da a yi mata dariya a kan tangaran tun tana 'yar koyo.

Tsohuwar ta ajiye waken.

"Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba, gwana. Ni na fasa farantin nan, da hannuna. Muna sabon aure, mijina Tsoho Dai ya ce miyata ba ta kai ta uwarsa ba. Na ɗauka na wurga, kansa na nufa, ya kauce. Kayan gadon gidansu ne, na ce shi ke nan, yau zan koma gidanmu. Amma bai kore ni ba. Ya je ya aro abin huji wajen mai ɗinkin kwanuka, shi da bai taɓa riƙewa ba, ya zauna a wancan dakalin yana fama. Duk ya karkace su. Akwai ɗaya ta kusa da baki da ta fi kowacce karkata, kullum sai ta yanke ni wajen wanki. Da ya gama ya ajiye a gabana ya ce, 'Zuba miyar.' Bai ba ni haƙuri ba, ban ba shi ba, muka shekara hamsin."

Ta goge hanci da bayan hannu.

"Fuskarsa ta fara ɓace mini. Amma in na taɓa karkatacciyar nan, sai in ji shi a kusa."

Shulan ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba. Ta tuna Fulin ya fara faɗa mata, ita ta katse shi. Ta ce a kawo farantin.

Ta kifa shi a cinyarta, ta fito da 'yar wuƙa mai tsini. Aikin nan shi ne mafi kyau da ta yi a shekarar, da ma har tana shirin ba abokan sana'a labari. A gaban maƙwabta ta sa tsinin ta fara ƙanƙare fentin. Ta tono abin da ta cike ramukan da shi, rami bayan rami, har tsohuwar tsagar ta fito fili. Sannan ta kama hannun tsohuwar ta ɗora.

Yatsan ya bi layin a hankali. Ramuka bibbiyu, kowane yana kallon ɗan'uwansa. Da ya iso kusa da baki sai ya tsaya. Nan ɗaya ramin ya hau sama, ɗayan ya zame ƙasa. Tsohuwar ta daɗe a wurin, leɓenta na motsi.

"Ina ƙusoshin?" ta tambaya.

"Na zubar da su, Popo. Mota ta kwashe sharar. Ɗanki bai ce in cire ba, bakin kawai ya ce in gyara. Ya so ya gaya mini, na hana shi magana. Ki yafe mini."

Fulin yana rakuɓe a jikin bango, kansa a ƙasa.

"Kin iya sa wasu?"

"Na iya."

"To ki sa. Amma ta kusa da bakin nan, kada ki kuskura ki miƙar mini da ita."

A kan dakalin nan Kang Shifu ta zauna, ta yanka wayar ƙarfe, ta daddale, ta lanƙwasa ƙafafun. Da ta zo kan ta ƙarshe hannunta ya ƙi, sai ƙusar ta riƙa fitowa a miƙe. Sau uku tsohuwar tana taɓawa tana cewa, "Ta yi kyau da yawa, sake." Lao Peng ya juya baya yana tari don kada a ga dariyarsa.

A na huɗu tsohuwar ta shafa, ta janye yatsa da sauri ta sa a baki. Can ta ɗaga kai wajen da ta ji numfashin ɗanta.

"Fulin."

"Na'am, Mama."

"Me kake yi a jikin bango kamar baƙo? Na ji matarka ta ce ba ka cin abinci. Je ka ɗebo mana shinkafa, yunwa nake ji."

Ƙato da shi, ya shiga kicin yana kuka kamar yaro.

Darasi: Iya aiki ba shi ne sanin abin da mutum yake buƙata ba. Wani tabon da kake gani muni ne, a wurin mai shi ya fi zinariya. Kafin ka gyara kayan wani, ko rayuwarsa, bari ya kai ƙarshen maganarsa. Idan kuma ka ɓata, ka sauke girman kai ka gyara da hannunka. Tura wannan labarin ga 'yan'uwa da abokai, musamman gwanin nan da ka sani wanda ba ya bari a gama magana.