Baƙaƙen Yatsun Hulda

Akwai wani mai hura gilashi a nan garinmu Lauscha, tun zamanin da ake narka gilashin da wutar fitila, sunansa Albin. Gwani ne, ba ƙarya. Ƙwallayen da yake hurawa don adon bishiyar Kirsimeti ko nauyin ɓawon ƙwai ba su kai ba. Sai dai akwai shi da cika baki, ni kuwa mai cika baki bai taɓa burge ni ba.

Yayarsa Hulda ce ke sa wa ƙwallayen ƙyalli. Takan ɗura ruwan azurfa a ciki, ta tsoma a ruwan zafi, ta yi ta girgizawa har ƙwallon ya koma madubi. Ruwan ya rina yatsunta baƙi ƙirin, sabulu ya yi ya gaji.

Wata safiya labari ya game gari: wani dillali mai suna Kühnert na tafe daga garin Sonneberg, zai zaɓi gida ɗaya tak da kayansa za su hau jirgin ruwa zuwa Amurka. Kowa ya hau sharar ƙofa da rawar jiki. Albin ya rantse gidansu ne za a zaɓa.

"Yaya, in ya zo ki zauna a kicin wajen dankalinki," in ji shi. "Kar hannun nan naki ya kore mana baƙo."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. "To, maigida," ta ce, ta shige.

Kühnert ya iso, ya ɗaga ƙwallo ɗaya a hasken taga, ya ga fuskarsa tar a jiki har da gashin baki. Murna ta kama shi.

"Wa ya sa azurfar nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Dillalin ya dubi yatsun Albin fes. "Da wannan hannun naka na amarya? Yi ɗaya in gani."

Albin ya ɗura, ya tsoma, ya girgiza sau uku a gaggauce. Ƙwallon ya fito dabbare-dabbare. Na biyu ya fi muni. Kühnert ya ɗauki hularsa.

"Hurawa kowa a layin nan ya iya. Ƙyallin na zo saye."

Albin ya ruga ƙofar kicin.

"Yaya Hulda, don Allah fito."

"Kar in kore maka baƙo."

"Na tuba, Yaya. Wallahi ya kai bakin ƙofa!"

Sai da ta ja masa rai kaɗan sannan ta fito. Ta ɗauki ƙwallo, ta yi ta juya shi a natse, azurfa na bin gilashin har ya haska ɗakin. Kühnert ya ajiye hula, ya riƙe baƙin hannun nan da hannu biyu.

"Gidan nan na zaɓa. Amma sunan mai wannan hannun za a sa a jikin akwatuna."

Albin ne da kansa ya zauna ya rubuta shi, akwati bayan akwati.

Darasi: Kada ka ji kunyar hannun da aikinka ya ɓata. In ka ɓoye wanda ya sha wahala tare da kai, ranar da aka ce ka yi kai kaɗai asirinka zai tonu. Ku tura wa wani, ko ya tuna ya gode wa wanda ke bayansa.