Bakan Gizon Masallacin Zangon Gishiri

Ku gyara zama. Yau ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke.

A bakin teku akwai wani tsohon garin fatake, Zangon Gishiri. Masu safarar goro ne suka kafa shi, da zama ya yi daɗi suka gina masallaci irin na gida: ginin tubali, rufin soro, bakan gizo huɗu sun haɗu a tsakiya suna riƙe da rufin. Ya haura shekara ɗari a tsaye, sai wani attajiri mai kyakkyawar niyya ya shafe shi da siminti. Allah ya saka masa, amma ginin ƙasa numfashi yake yi. Laima ta taru a ciki, azara ta ruɓe, baka ɗaya ya tsage. Hukumar gari ta ce in damina ta faɗi ba a gyara ba, rushe shi za a yi kada ya danne masallata. Ran nan Liman Haladu bai iya ƙarasa huɗuba ba saboda kuka.

Akwai Malam Tanimu, tsohon magini, shi kaɗai ya rage wanda ya iya ɗaura bakan gizo. Idonsa ya yi rauni, amma kunnensa garau. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa yana saurare, ya sa aka ɓamɓare simintin, ya tokare rufin inda ya kamata. Da aka kawo masa itacen kwakwa ya yi azara da shi, sai ya ture da ƙafa.

"Wannan ko akurki ba zan rufa da shi ba. Namijin giginya nake so."

Giginya kuwa ba ta fitowa a bakin teku. Sai Jatau mai kwale-kwale ya tashi, ya yi kwana tara yana tuƙi yana haura kogi har ya kai inda take. A dawowa, inda kogi ke karo da teku, igiyar ruwa ta nemi kifar da shi. Jatau ya dubi azara, ya dubi buhunan hatsin da ya sayo wa iyalinsa na ci da damina, ya zuba hatsin a ruwa. Ya iso da azara cif, ko ɗaya bai rasa ba, Malam Tanimu ya jera ta hawa-hawa ya ɗaure, baka ya miƙe.

Saura shafe. Sau uku ana shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasa da shi, sau uku iskar gishiri tana ɓare ta. Ga hadari ya fara haɗuwa. Sai Gwaggo Delu mai bandar kifi, 'yar masunta da aure ya kawo zango, ta leƙo.

"Malam, kakanku da ya gina masallacin nan bai shafa makuba zalla ba. Kakata ce ta ɗauko masa ruwan kwaɓi, ta ce da tokar ɓawon katantanwar teku ya haɗa."

"Gwaggo, ki bar gini ga magina."

"Na bar muku sau uku, ai."

Ta fid da kifi daga murahunta a tsakiyar kakar kifi, ta tara matan masunta, suka kwana bakwai suna ƙona ɓawo suna dakawa. Aka kwaɓa, aka shafa, ya kama kamar dutse. Ruwan farko ya zo da ƙarfinsa, ko ɗigo bai sauka a kan tabarma ba. Wallahi murnar da aka yi ran nan ta fi ta salla.

To, maginan garin suna da al'ada. In an gama aiki ana barin ɗan wuri a saman ƙofa, a shafa ɗanyen kwaɓi, wanda ya tsai da ginin ya buga tafin hannunsa, jikoki su riƙa nunawa. Hannu ɗaya kawai wurin yake ɗauka. An shafa kwaɓin da hantsi, kafin azahar zai bushe, ga Liman Haladu tsaye yana duban mutum uku, kowa ya ɓoye hannu a baya don kunya.

To, jama'a, ƙasa tana shan iska. Hannun wa za a kama a ɗora?