Irin Shukar Salomi

Akwai wani dattijo mai suna Manzo a wani ƙauye kusa da Gangara, shi ke kula da 'yar majami'ar garin. Wata shekara, gab da faɗuwar damina, aka aiko masu baƙi daga Najeriya: Fasto Barnaba da matarsa Zipora da 'ya'yansu, za su yi hutun makaranta suna aikin bishara.

Manzo ya share masu ɗakin da ke bayan majami'a, ya tara jama'a ya ce, "Baƙo ba ya hura wuta a garinmu. Kowane gida zai riƙa kai abinci, bi da bi."

Lokacin kuwa rumbuna sun yi ƙasa, kowa na lallaɓa ɗan abin da ya rage.

Da layi ya zo kan Salomi, wata gwauruwa da mijinta ya rasu bara, Manzo ya je ya same ta.

"Salomi, a tsallake ki. Na san ba ki da komai sai irin shuka."

"Haba Baba Manzo, bayin Allah su zo tun daga wata ƙasa, a ce gidana ne bai ba su ba? Zan ɗiba kaɗan."

Ta kwance buhun iri ta daka, ta tuƙa tuwo da miyar kuka ta kai. Da yamma kwano ya dawo fes, an wanke. Murna ta kama ta. A garin, kwanon da ya dawo babu saura yana nufin abincin ya yi daɗi, kuma bai isa ba. Sai ta ƙara hannu. Duk zagayowar layi sai ta ƙara, buhu yana ta ramewa.

Ashe Zipora ko ɗanɗanawa ba ta yi. Ta zo da shinkafarta da taliya da kifin gwangwani. Za ta karɓi kwano da murmushi, ta ce "Ubangiji ya sa albarka", mai kawowa na juya baya ta miƙa hannu ta kan katanga ta juye.

A bayan katangar nan Manzo ke ɗaure jakinsa. Wata safiya ya zo kwance shi, ya tarar da shi yana lasar malmalar tuwo a ƙasa. Ya gane tuƙin Salomi ne. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya yi sallama ya shiga.

"Madam, in ba kwa ci, da kin faɗa mana. Mutanen nan daga bakinsu suke cirewa."

Zipora ta yamutsa fuska. "Baba, tuwon duk tsakuwa. So kake 'ya'yana su kwanta asibiti? Ai na rufa masu asiri da ban mayar ba. Ga shi jakinka ma ya yi ƙiba, godiya ya kamata ka yi."

Fasto yana zaune da Littafi a cinya, bai ɗaga kai ba.

Manzo ya tsayar da kai abinci, amma an makara. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita gona, Salomi ta zazzage buhu ba ta samu abin da zai cika tafi biyu ba. Manzo ya bi gida gida, kowa ya riga ya binne nasa. Da kyar ya haɗa mata tiya guda, ta shuka ɗan lungu.

Labarin jaki kuwa ya zaga gari. Zumuntar mata da Zipora ke koyarwa ta watse. Ranar Lahadi Fasto ya riƙa wa'azin ƙauna ga benci, sai Manzo da tsofaffi ƙalilan. Salomi kuwa ta haɗa 'yan kayanta. Ta kulle ɗakinta ta hau mota zuwa Agadas neman aikin wanke-wanke, cin rani da tsakar damina.

Ranar tafiyar baƙin babu wanda ya fito rakiya. Manzo ya ɗora su a amalanke zai kai su bakin titi. Gero ya yi kore shar dama da hagu, ya fi tsawon mutum. Sai suka iso wani fili a tsakiya, babu komai sai ciyawa da ƙarangiya, har ɗan lungun da aka shuka ciyawa ta cinye.

Zipora ta taɓe baki. "Dubi lalaci! Shi ya sa ba kwa ci gaba. Gonar wane rago ce wannan?"

Manzo ya ja linzami, amalanke ta tsaya. Ya juyo ya dube ta.

"Ta Salomi ce, Madam. Ki dube ta da kyau. Duk abin da za a shuka a nan, ke aka kai wa a kwano."

Ƙaramar 'yar Zipora ta ce, "Mama, to me za ta ci bana?"

Manzo ya kaɗa jaki, suka ci gaba zuwa titi.

Darasi: Kada ka raina abin da talaka ya miƙo maka, ba ka san abin da ya rasa kafin ya kai hannunka ba. In ba ka so, faɗi gaskiya cikin mutunci, ya fi godiyar ƙarya. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shirin zuwa baƙunta garin wasu.